Amsar Yaya kan zuwa Kyoto: a ɗauki ɗan jagora ko a bari?

Assalamu alaikum mutanen gida. Yaya ina wuni, ya yara, ya Alhaji? Na ga saƙonki tun da safe, na ce bari in tashi daga aiki in yi miki murya, don rubutu ba zai ɗauke maganar ba. Sauran jama'a ku yi haƙuri, za ta ɗan ja, wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare.

To, kin ce Alhaji yana da taro a Osaka ta ƙasar Japan, za ku samu rana guda ba ku da komai, kuna son ku leƙa Kyoto. Kuma kina tambaya ko ya dace ku biya mutum ya zagaya da ku ku biyu kaɗai, ko ku shiga motar 'yan yawon buɗe ido, ko kuma ku bi taswirar waya kawai. Yaya, ku ɗauki mutum. Da kwana biyar gare ku da sai in ce ku yi ta ɓata kuna gano hanya, shi ma da daɗinsa. Amma rana ɗaya, ga ki da kiyaye abin da za ki sa a baki, ga Alhaji da gwiwa, wallahi ku ɗauki mutum. Zuwan ba wuya, daga tashar Osaka jirgin ƙasa minti talatin ne ya sauke ku.

Bari in fara da ciki, don na san nan hankalinki yake. Shekara uku na yi a Kyoto ina karatu, kuma sai da na kusa wata shida kafin na gane ba alade ne kaɗai matsalar ba. Shi alade ai a fili yake, taliyar nan tasu ta ramen yawanci da ƙashinsa ake dafa romonta, kowa ya sani. Sunansa da yarensu ma, ki riƙe wannan, wai buta. Eh, buta! Saboda haka kada ki shiga wuri ki ce a ba ki buta za ki yi alwala. Abin da ke ɓoye shi ne mirin. Giyar shinkafa ce mai zaƙi, suna zuba ta a girki kamar yadda za ki jefa magi, a romo, a gasasshen kifi, har a wainar ƙwai. In kika tambayi mai abinci ko akwai giya a ciki, zai ce miki babu da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba, shi a wurinsa mirin kayan miya ne. To a nan ɗan jagora yake cin kuɗinsa. Shi zai tsaya ya ce da mai shago, akwai mirin, akwai giyar nan tasu sake, da wane mai aka soya, ya juya bayan leda ya karanta miki abin da aka rubuta. Amma sai kin rubuta masa tun kina gida, ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ce masa halal kawai ki yi shiru, wasunsu sun ɗauka rashin alade shi ke nan.

Abin da zai faranta miki rai kuwa, tsohon abincin Kyoto ba na nama ba ne. Tun shekarar 675 wani sarkinsu, Tenmu, ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji saboda addinin Buda, kuma aka daɗe ƙwarai ana ƙyamar nama, sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa aka shelanta wa jama'a. Ga garin ba a bakin teku yake ba, duwatsu sun kewaye shi. Don haka suka ƙware a ganye da wake da kifin da aka sa wa gishiri. Kin san abin da suke taƙama da shi? Awara. Wallahi awararmu ta waken suya, su tofu suke ce mata. Sai dai ba sa soya ta su barbaɗa yaji kamar ta ƙofar gida, a ruwan zafi ake ɗumama ta da wani ganyen teku mai suna kombu, a kawo miki tana rawa a cokali. Ranar farko za ki ce ina ɗanɗanon yake. Ki daure zuwa loma ta uku. Akwai kuma yuba, wato yanar da ke tasowa a saman madarar waken in an tafasa, ita suke kwashewa su ci. Sannan natto, wanda Turawa ke toshe hanci in sun gani, ni da na shinshina sai na yi dariya, ƙanwar daddawa ce, waken da aka bari ya ruɓa, sai dai ita tana yauƙi kamar kuɓewa.

Ki ce ɗan jagoran ya fara kai ku kasuwar Nishiki da hantsi. Layi ɗaya ne siriri mai rufi, tsawonsa kusan mita 400, shaguna fiye da ɗari, kuma ta haura shekara ɗari huɗu tana ci. Asalinta kasuwar kifi ce, saboda akwai ruwa mai sanyi a ƙarƙashin wurin da suke adana kifi da shi kafin a san firij. A nan za ki ga katsuobushi, kifi ne da aka kyafe ya bushe ƙayau har sai ki ɗauka itace ne, a fere shi siriri-siriri, a haɗa da kombu a yi romon da suke kira dashi, shi ne gindin kusan duk miyarsu. Doka ɗaya: ba a ci ana tafiya. Inda kika saya nan za ki tsaya ki cinye, ki miƙa wa mai shagon tsinken, don kwandon shara wuyar gani yake.

Kuma ki ɗaga kai ki duba ƙofofin shagunan da ba a buɗe ba, za ki ga zanen zakaru. Na wani mai zane ne, Ito Jakuchu, an haife shi a kasuwar a 1716, ɗan dillalin kayan gwari. Ya gaji shagon, da ya kai shekara arba'in ya damƙa wa ƙaninsa ya koma zane, ya tara kaji a tsakar gida yana ta kallon su kafin ya kama alƙalami. In babu mai nuna miki, wucewa za ki yi ki ce ai tallan kaji ne.

Daga nan sai fadar Nijo, kuma in wuri ɗaya kawai za ku shiga a garin, ni ita zan zaɓa. Bari in ɗan warware miki. A da Kyoto ce hedikwatar Japan, tun daga 794, fiye da shekara dubu sarki yana zaune a can. Amma an daɗe sarkin yana riƙe da suna kawai, mulki yana hannun sarkin yaƙi, shogun suke ce masa. Shogun Tokugawa Ieyasu shi ya gina Nijo a 1603, ya zama masaukinsa in ya zo garin, kusa da gidan sarki, don a san wa ke da ƙasa. Kuma a wannan fadar dai, a 1867, shogun na goma sha biyar daga gidansu ya tara hakimai ya sanar cewa ya mayar wa sarki mulki. Ba a jima ba sarki ya tashi ya koma Edo, garin da aka sake wa suna Tokyo.

Ginin kamar sorayen fada yake, daga wannan ka shiga wancan, kuma iyakar inda aka bari ka kai shi ne matsayinka. Soron farko, inda baƙin hakimai suke zaman jira, an zana manyan damisoshi a bango a kan ruwan zinare suna zare ido, don gabanka ya faɗi tun kafin a kira ka. Can ciki inda maigidan yake kwana kuwa, sai zanen duwatsu da ruwa, a natse. Abin dariyar, babu damisa a Japan. Masu zanen ba su taɓa ganin ta da rai ba, fatu aka kawo musu daga waje da zanen 'yan Sin, sauran suka cike da kyanwar gida. Har sun ɗauka mai ɗige-ɗige ita ce matar mai ratsi-ratsi, sai suka zana su tare kamar iyali guda. Kuma Yaya kin san sunan zuriyar masu zanen? Kano. Na rantse. Gidan Kano, sun yi wajen shekara ɗari huɗu suna yi wa masu mulki zane, wanda ya jagoranci na Nijo sunansa Kano Tanyu. Babu wata alaƙa da tamu, suna ne ya zo ɗaya, amma ranar da na ce wa malamina ni ma ɗan Kano ne sai da ya cire tabarau ya dube ni. Na bangon yanzu kwafi ne, na asalin suna wani ɗakin adana a cikin harabar ana fito da su kashi-kashi, ki ce ya kai ku in a buɗe yake. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma takalmi a waje ake barin sa. Daɓen katakon yana ƙara in an taka, kamar kukan tsuntsu. Za a ce miki don a ji shigowar maƙiyi aka yi shi haka, wasu kuma sun ce ƙarafan da ke riƙe katakon ne suka saki da tsufa. Ki tambaye shi wanne ya yarda da shi, daga amsarsa za ki gane ko hadda yake kawo miki.

Kusa da fadar akwai wani ɗan gidan adana kayan rini na ɗauri, shibori suke cewa. A ƙulle yadi da zare ƙulli-ƙulli a tsoma a baba, a kwance, zane ya fito. Ke da kika san marinar Ƙofar Mata ba sai an yi miki bayani ba, sai dai ƙanƙantar ƙullin nasu zai ba ki mamaki. Minti arba'in ya isa.

Gidan zinaren nan da kike gani a hotuna, Kinkakuji, wurin ibadar 'yan Buda ne, yana da kyau ba musu, amma kallo ne daga nesa cikin turmutsutsu. An gina shi a 1397, wani matashin ɗan ibadar wurin ya cinna masa wuta a 1950, wanda ke tsaye yanzu na 1955 ne. In lokaci ya ƙure ku bar shi. Fushimi Inari mai jerin jajayen ƙofofin nan dubbai ba a rufe shi kuma ba a biya, ku tsaya da yamma, ku ɗan taka kaɗan ku juyo, kada wani ya zuga Alhaji hawa dutsen. 'Yan kasuwa da kamfanoni ne suke sayen ƙofofin, sunayensu na rubuce a baya. Amma fa wurin bautarsu ne. Za ki ga ana wanke hannu, ana tafi, ana sunkuyawa. Ki gaya masa tun farko ku kallo da jin tarihi kuka zo, ba za ku yi waɗannan ba. Ba sa jin haushi ko kaɗan.

Ni kuskuren da na yi lokacin da Kawu ya zo, na bar wani ɗan jagora ya tsara mana yadda ya ga dama, ya jera wurare bakwai. Muka wuni muna tsere, azahar ta wuce, la'asar ta kusa, abincin rana a tsaye muka ci. Laifina ne da ban yi magana ba. Ku wuri uku ya ishe ku, huɗu in an matsa. Ki sa masa lokacin salla a cikin tsarin, akwai ƙaramin masallaci a garin ba nisa da tsohon gidan sarki, shi zai san hanya. Ki tambaya ko yana da lasisin gwamnati, don tun 2018 an sassauta doka, wanda bai ci jarrabawar ba ma yana iya karɓar kuɗi ya yi jagora. Ki tambaya kuɗin na awa nawa ne, kuma na ku biyun ne ko kowa da nasa, sannan kuɗin shiga wurare da tasi da abincinsa a kan wa. Ba su san a yi musu ihsani bayan an biya ba, in kika miƙa kuɗi sai ya rikice. Ɗan tsaraba daga gida ya fi, ko dabino ne.

Sai unguwar Gion, in kun bi da magariba kuka ga matan nan masu farar hoda da rigar gargajiyarsu ta kimono, kada Alhaji ya ɗaga waya. An hana ɗaukar hoto a ƙananan lungunan, tarar yen dubu goma ce, wasu lungunan ma an hana baƙi shiga.

Ki tafi da safa mai kauri, katakon Nijo sanyi gare shi, da takalmin da ba shi da igiya don za ki yi ta cirewa. Ni kuma garin koren shayin nan nake so, matcha, na garin Uji, ƙaramin gwangwani ya isa. Kai, minti goma sha ɗaya! A gaida Alhaji, ki turo min ranar da za ku tashi. Sai anjima.