Tambaya Da Amsa: Sau Uku Ina Barin Taba, Sau Uku Ina Komawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne, shekarata 16 ina shan sigari, kusan kwali ɗaya a rana. Sau uku ina barinta, amma ban taɓa wuce kwana huɗu ba. Kaina ya yi ta sarawa, barci ya gagara, in yi ta yi wa yaron motata faɗa ba gaira ba dalili. Abokaina sun ce rashin zuciya ne. Ina mafita?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokanka ba su fahimci abin ba. Nikotin, sinadarin da ke ɗaure mutum ga taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, kuma jiki ya fi kukan rashinsa a kwana na biyu da na uku. Ke nan kana komawa ne daidai lokacin da wuyar ta kai maƙura. Ciwon kai da saurin fushi da rashin barci yawanci suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Abu biyu ne suka riƙe ka, kuma kowanne da maganinsa. Mu fara da nikotin. Akwai filasta mai nikotin da ake mannawa a fata, akwai kuma cingam ɗinsa. Suna ba jiki nikotin a hankali, ba tare da hayaƙi da kwalta da ke lalata huhu ba. Ga mai shan fiye da kara 10 a rana, irinka, ana fara filasta mai miligiram 21 na mako shida, sai mai 14 na mako biyu, sai mai 7 na mako biyu. Kowace safiya ka manna sabuwa a damtse ko ƙirji, inda fata ta bushe kuma ba gashi, ka danna ta da tafin hannu sosai don kada zufa ta ɓamɓare ta, kuma ka riƙa sauya wuri don gudun ƙaiƙayi. In tana sa ka mafarkai barkatai, cire ta kafin ka kwanta.

Cingam shi ne na lokacin da kwaɗayin ya taso. In kana kunna tabar farko cikin minti 30 da tashi daga barci, mai miligiram 4 ne naka, ba mai 2 ba. A nan mutane ke yawan kuskure: suna tauna shi kamar cingam ɗin yara, su haɗiye yawun, sai shaƙuwa da zafin ƙirji su biyo baya, su ce magani bai karɓe su ba. Taunawa kaɗan ake yi har ka ji ɗan yaji-yaji, sai ka ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, haka har kusan rabin awa. Kada ka sha lemo ko kofi minti 15 kafinsa, tsami yana hana nikotin shiga ta fatar baki. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗayansu kawai. Ba kowane kemis ke da su ba, sai manyan kantunan magani, kuma ba su da araha. Amma ka lissafa kuɗin kwali 30 kafin ka ce sun yi tsada.

Akwai kuma ƙwayoyi, varenicline da bupropion, waɗanda sai likita ya rubuta. Ana fara su kusan mako ɗaya kafin ranar bari. Ka gaya wa likitan sana'arka, don suna iya kawo jiri ko su taɓa barci, kuma mai farfaɗiya ba ya shan bupropion.

Ga wani abu da ba a cika gaya wa direbobi ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin hana barci da ke cikin goro da kofi da shayi. Da ka bar taba, goron da ka saba ci sai ya ƙara ƙarfi a jikinka, ka kwana ido biyu, zuciya na bugawa, ka ɗora laifin a kan rashin sigari. Rage su da rabi, kuma bayan la'asar ka haƙura da su in ba tuƙin dare za ka yi ba.

Abu na biyu da ya riƙe ka shi ne sabo, turken wawa. Hannunka ya san lokutansa: bayan cin abinci, wurin mai shayi, jiran lodi, cunkoson hanya. Sa ranar barin taba cikin mako biyu masu zuwa, ka faɗa wa yaron motarka, ka nemi afuwarsa tun da wuri. Daren ranar ka share kan motar tsaf, ka zubar da ashana da ragowar kwali. Kwaɗayi kan zo ya wuce cikin minti uku zuwa biyar, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka cika waɗannan mintuna da ruwan sanyi, ko aswaki, ko ka sauka ka zagaya ka duba tayoyi. Babban tarkonka shi ne mai tebur da ke sayar da kara ɗai-ɗai. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana wannan, amma ka san yadda tasha take. “Kara ɗaya kawai” shi ya mayar da mafi yawan waɗanda suka koma.

TAMBAYA: Maigidana yana son barin taba, amma da na ɗauko zancen sai rigima. Da azumi yana wuni bai sha ba, ana shan ruwa sai ya kunna. Yaya zan taimaka masa?
Wata uwargida daga Maraɗi

AMSA: Hajiya, mutumin da ke awa 13 ko 14 kullum ba taba har wata guda ya riga ya yi rabin aikin, kuma wannan ya kamata ya ji daga bakinki, ba lissafin cututtukan da ya riga ya sani ba. Gori da binciken aljihu ɓoyo kawai suke koya wa mutum. Ki tambaye shi sau ɗaya, a lokacin da yake cikin nishaɗi: wace rana ya zaɓa, kuma me yake so ki yi masa? Sai ki tsaya a kan abin da ya faɗa.

Abu ɗaya ne ba sai an jira ba: kada a sha a ɗaki ko a mota. Buɗe taga ba ya isa, hayaƙin yana kama labule da shimfiɗa, kuma yana jawo wa yara ciwon kunne da ciwon ƙirji da tashin asma.

A makon farko zai yi ta ƙunci, ki kawar da kai. Cin abincinsa zai ƙaru, mutane da yawa kan ƙara kilo huɗu ko biyar a shekarar farko, don haka ki ajiye masa karas da kokwamba da aya maimakon alewa da soye-soye. In yana shan maganin ciwon suga ko asma ko na taɓin hankali, likitansa ya sani, don adadin wasu magunguna kan buƙaci gyara bayan barin taba. In kuwa ya zame ya sha, kada ki ce “dama na san za a rina”. Ki tambaye shi a ina ne, da wa yake, bayan me, sannan ya ci gaba daga ranar, kada ya jira wani azumin.

TAMBAYA: Na bar sigari na koma shisha, tunda ruwa yana tace hayaƙin. Hakan ya yi?
Ɗalibi daga Kano

AMSA: Bai yi ba, ɗan samari. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba tace shi ba, shi ya sa kake iya zuƙa mai zurfi har tsawon awa ba ka sani ba. Nikotin yana nan, ga kuma iskar guba ta gawayin da ke kai. Ƙamshin tuffa ko na'a-na'a bai rage komai ba. Haka garin taba da ake shaƙa ko a sa a leɓe, shi ma ba mafita ba ne.

TAMBAYA: Kwana 10 da barina taba, amma tari ya ƙaru, da majina. Ko na yi wa kaina illa ne?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: A'a, Malam. Akwai ƙananan gashi a hanyar numfashi da ke share datti, hayaƙi ya kashe musu ƙarfi. Yanzu sun farfaɗo suna turo abin da ya taru. Ka yawaita shan ruwa, zai ragu a hankali. Amma in tarin ya kai mako biyu, musamman da zazzaɓi ko zufar dare ko rama, je a gwada majinarka don tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ka ga jini, ko numfashi yana yi maka wuya, a ranar za ka je.