Me ya sa muke kai baƙo Kabawa kafin mu hau Dutsen Patti?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni dalilin da duk Bakanon da ya sauka a gidajenmu na Lokoja sai mun ja shi maƙabartar sarakuna da ke unguwar Kabawa, sannan mu hau da shi kan dutse. Ka kuma ce Hausarmu ta sha ruwan kogi. Ta sha kuwa.

Dutsen nan da ya tokare bayan gari, itatuwa sun lulluɓe shi, Patti ake ce masa, wato tudu da Nufanci. Mutanen Oworo muka tarar a tsaunukan nan, Nufawa da Kakanda kuma a bakin ruwa da kwalekwalensu. Kakanninmu, wasu fatauci ya kawo su, wasu aikin soja. Aka yi auratayya. Shi ya sa yaro zai durƙusa ya gaishe ka da Hausa, ya juya ya yi cinikin kifi da Nufanci.

In ka kai ƙoli da sassafe, kafin hazo ya tashi, za ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kowanne da launin ruwansa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Can sama ɗan gidan hutawar Gwamna Lugga yake har yau. A garin nan ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, ya shelanta mulkinsu a kan Arewa. Sunan jiharmu ma da aka ƙirƙiro a 1991, Kogi, ai kalmarku ce, tamu ce.

Amma ni a ganina, tarihin da ya fi taɓa zuciya yana gindin dutsen. Nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a nan ya cika a 1907. Aliyu Ɗan Sidi, shi ma na Zazzau, a 1924. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a nan ya ƙare kwanansa a 1926, bai sake ganin ganuwar Kano ba. Iyayen kakanninmu ne suka zauna da su, suka yi musu sallah, suka rufe su. Kun yi rashin sarki, mu aka bar wa amanar kabari.

Don haka baƙo in ya zo, da Kabawa muke farawa. Bara na raka wani dattijo daga cikin birnin Kano. Da muka isa kabarin Alu sai ya cire takalmi, ya tsuguna, ya daɗe yana addu'a, gemunsa na rawa. Sai da muka hau dutse ya yi magana. Ya dubi ruwan, ya ce in nuna masa ta ina Kano take.

In Allah ya kawo ka bayan damina, ka zo da takalmin da ba ya santsi.