Tambaya da Amsa: Idon Baba kalau, amma ba ya ganin gefe

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya fara cin karo da ƙyaure, kuma in mutum ya zo ta gefensa ba ya ganinsa sai ya tsaya a gabansa. Likitan ido ya ce ƙwayar idon kalau take, ya tura mu hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari a wani abu wai shi fituwitari. Me ya haɗa ƙari a cikin kai da gani? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Likitan nan ya yi aikinsa yadda ya kamata, domin ido ɗaukar hoto kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke gani, kuma a kan hanyar da ke tsakaninsu matsalar take.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ake kira ratina. A jikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu karɓar haske: kimanin miliyan 120 masu aiki da duhu-duhu, da kimanin miliyan 6 masu rarrabe launi da rana. Su ke mayar da haske saƙon lantarki, su miƙa wa wasu ƙwayoyi na tsakiya, su kuma su miƙa wa wasu ƙwayoyin da ake kira gangiliyon. Kowace ƙwayar gangiliyon tana da dogon zare, kuma zaren nan, miliyan ɗaya da 'yan kai, shi ke haɗuwa ya zama jijiyar gani ta kowane ido.

Ki kula da wannan wurin sosai. Jijiyoyin biyu suna haɗuwa a wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A nan zaren da ya taso daga rabin ratina na wajen hanci yake ƙetarawa zuwa ɗaya ɓangaren, na wajen kunne kuwa ya zarce a ɓangarensa. To, hoto a juye yake sauka a ratina, don haka rabin wajen hanci shi ke ganin abin da ke gefen mutum. Fituwitari kuma, wato ɗan ƙullutun da ke fitar da sinadarai masu daidaita aikin jiki, yana ƙarƙashin mararrabar nan, tazararsu kamar santimita ɗaya. In ƙari ya girma ya yi sama, tsakiyar mararrabar zai fara dannewa, daidai inda zaren ke ƙetarawa. Sai idon dama ya daina ganin dama, na hagu ya daina ganin hagu, kamar mai tafiya a matsattsen lungu. Yawanci daga saman gefen duhun yake farawa, shi ya sa ake daɗewa ba a ankara ba.

Bayan mararraba, yawancin zaren yana sauka ne a talamas, wani zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, a wani ɗan curi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ɗaya dama ɗaya hagu. Hawa shida gare shi.  Biyun farko manyan ƙwayoyi ne masu kama motsi, sauran huɗun ƙanana ne masu kula da launi da ƙananan abubuwa, irin su zaren allura da rubutu. Talamas ba ɗan aike ba ne kawai: saƙon da yake samu daga sauran ƙwaƙwalwa ya fi wanda ke zuwa masa daga ido yawa nesa ba kusa ba, da shi ake tace abin da zai wuce zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, inda ake kammala gani. Ɗan ragowar zaren yana ratsewa zuwa wurin da ke tsuke baƙin ido in haske ya yi yawa, da wurin da ke daidaita barci da farkawa.

Wannan tsari ne ke nuna wa likita inda ɓarna take. In jijiyar ido ɗaya ta lalace kafin mararraba, idon nan kaɗai zai makance. In bayan mararraba ne, kamar yadda shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, ido biyun za su rasa gefe guda, ko dama ko hagu. Hawan jinin ido shi ma yana cin gefe, amma shi ƙwayoyin gangiliyon yake kashewa tun a ratina, kuma ana ganin alamarsa a kan jijiyar in an haska idon.

Yanzu abin yi. A auna sinadaran jininsa, musamman furolaktin, ɗaya daga sinadaran da fituwitari ke fitarwa, domin ƙarin da ke fitar da shi yakan motse da ƙwayar magani irin su cabergoline. Sauran nau'o'in galibi tiyata ake yi, ta hanci. Zaren da aka danne yakan farfaɗo in an ɗage nauyin da wuri, wanda ya mutu kuwa ba ya tsirowa, don haka kada ku ja lokaci. A riƙa maimaita gwajin faɗin gani don a san ko duhun na ƙaruwa. Baba ya ajiye tuƙin mota da babur tukuna. In kuma ciwon kai mai tsanani ya faɗo masa farat ɗaya, da amai ko dushewar gani, ku kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne, domin jini kan zuba a cikin ƙarin.