Tarin da ke biyo bayan sharar ɗakin kaji

Tambaya: Likita, maigidana yana kiwon kajin ƙwai a Bukuru shekara shida ke nan, yana kuma da tantabaru a gida. Duk ranar da ya kwashe kashin kaji, da daddare sai zazzaɓi da rawar ɗari da busasshen tari su kama shi, yana haki. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro sau uku, an gwada kakinsa ba a ga tarin tibi ba. Da ya je garinsu hutun Sallah kuwa, ras ya dawo. Mene ne wannan, kuma yara za su iya ɗauka? Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma bayaninki ya yi kama sosai da kumburin huhu da ke samun mutumin da ya daɗe yana shaƙar ƙurar tsuntsaye ko ta kayan gona masu hunhuna. Ku kwantar da hankalinku game da yara, domin ba cuta ce da ake ɗauka daga mutum ba.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙurar da ke tashi daga busasshen kashin tsuntsu da gashinsa tana da laushin da take wuce hanci da maƙogwaro, ta isa can cikin ƙananan jakunkunan huhu inda iska ke shiga jini. A wurin yawancin mutane ba ta jawo wannan ciwo, amma a jikin wasu garkuwar jiki takan ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, sai ta tayar da kumburi duk lokacin da suka haɗu. Alamun sukan fito ne bayan awa 4 zuwa 8, shi ya sa mutum yakan gama aiki da safe lafiya lau, ciwo ya tashi da dare, kowa ya ce sauro ne. Wannan jinkiri, da sauƙin da ya samu a garinsu, su ne suka fi jan hankalina a wasiƙarki. Tantabarun nan ma kada a raina su, don suna cikin tsuntsayen da aka fi sani da jawo wannan ciwo. Tun a 1932 aka bayyana irinsa a Ingila tsakanin manoma masu ɗibar ciyawar da ta yi hunhuna, kuma a nan ma harawa ko hatsin da aka zuba a rumbu da danshi suna iya yin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin gano shi. Idan aka ci gaba da shaƙar ƙurar shekara da shekaru, kumburin yakan koma tabo, huhu ya yi tauri, mutum ya rame, hawa ɗan tudu ma ya gagare shi, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Don haka ya nemi ganin likitan ƙirji, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ya faɗi sana'arsa da batun tantabarun tun kafin a tambaye shi. Za a iya yi masa gwajin ƙarfin numfashi da hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu dalla-dalla, domin hoton ƙirji na yau da kullum yakan kasa nuna ciwon a farkonsa.

Babban maganinsa shi ne nisantar ƙurar. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa magidanci ya ja da baya daga abin da yake ciyar da iyalinsa, amma yana iya riƙe ciniki da lissafi, ya bar wa wani shara da kwasar kashi. Tantabarun su bar gidan, a wanke inda suka zauna, kuma ba shi zai wanke ba. Mai sharar ya yayyafa ruwa tukuna, ya buɗe tagogi, ya sa takunkumin N95, don na yadi ba ya tare wannan ƙura. Likita yakan ba da prednisolone, wani maganin rage kumburi, idan kumburin ya yi tsanani, amma kada a saye shi a kemis a sha da ka, saboda yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma iya farfaɗo da tibin da ke kwance. Idan kika ga yana haki ko a zaune, ko leɓunansa sun sauya launi, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.