Amsa: Farin abu a harshe da jinin dasashi

Malam, ka ce farin abu kamar kindirmo ya lulluɓe maka harshe da cikin kumatu, dasashi kuma na jini, kana tambayar likitan da za ka gani. Fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano, a nan ake samun ƙwararrun likitocin dasashi, za su tura ka wurinsu in da buƙata. Farin abun nan, in ka goge shi ya fita ya bar wurin ja yana zafi, galibi kandida ce, wato cutar da wani nau'in naman gwari (fungus) ke haddasawa. Maganinta ruwan nystatin, mililita 1 sau 4 a rana bayan cin abinci. Ka riƙe shi a baki na 'yan mintuna kafin ka haɗiye, har kwana 7, ka ƙara kwana 2 bayan ya washe. In ya ƙi ji, likita kan rubuta fluconazole. Jinin dasashi kuwa matsalarsa daban ce, yawanci dattin da ya daskare a gindin haƙori ne, sai an kankare shi.

Amma fa kandida ba ta cika kama babban mutum haka kawai ba. A gwada sukari da HIV, musamman in tana dawowa. Mai shaƙar maganin asma ya riƙa kurkure baki bayan kowace shaƙa, mai haƙoran roba ya cire su da dare. Kada ka sake sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibiotic) a kemis, shi ke ƙara mata ƙarfi. Farin tabon da bai gogewa kuwa, kada ya wuce mako 2 likita bai gani ba.