Amsa: Yaya tsiron hamada yake rayuwa ba ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda tsiro yake yin watanni cikin hamada ba ko ɗigon ruwa bai mutu ba. Ai ba rashin ƙishi ba ne, tattali ne.

Dubi murtsunguwa. In ka yanka jikinta, tsokar ciki kamar soso take, jiƙe sharaf. Fatarta kuma kamar an shafe ta da kaki, ruwa ba ya fita ta nan. Ƙayoyin nan da kake gani ganye ne asalinsu, suka tsuke don kada rana ta zuƙe danshi. Saiwoyinta ba sa nisa ƙasa, bazuwa suke yi kusa da saman ƙasa, ko yayyafi aka yi su tsotse shi nan take.

Amma abin da ya fi burge ni numfashinta. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƴan ƙofofin shaƙar iska. Ita kuwa sai dare ya yi sanyi, ta shaƙa ta adana, gari ya waye ta rufe ƙofofin ruf don kada ruwa ya fita ta nan, ta haɗa abincinta da hasken rana.

Wasu kuma iri kawai suke bari cikin yashi, ya yi shekaru yana jiran ruwa.