Na'urar hoton ƙirjinmu lafiya lau, amma an ce sai mun sayi sabuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin ɗakin ɗaukar hoto ne a wani ƙaramin asibiti a Kano. Na'urar hoton ƙirjinmu ba abin da ya same ta, sai dai kwamfutar da ta zo da ita har yau Windows XP ce a kanta. Dillalin da ya sayar mana ya ce ba a sabunta manhajar, sai dai a sayi sabuwar na'ura ɗungurungum. Gaskiya ne, ko ciniki yake nema?

AMSA: Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, akwai kuma neman ciniki.

Yawancin tsofaffin na'urorin asibiti an ɗaura wa ƙarfensu da manhajarsu aure ne tun daga masana'anta. Hukumomi irin su FDA, hukumar da ke kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka, a haɗe suke tantance su kafin su ba da izini. In kamfani ya yi wa manhajar babban sauyi, sai ya sake gwaji, ya sake kashe kuɗi, shi kuwa ya fi son ya sayar maka da sabuwa. Ga shi Microsoft ya daina kula da XP tun Afrilun 2014. Don haka kafin komai, raba kwamfutar nan da intanet, kuma ka hana kowa soka mata filashi, ko da babban likita ne. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta faɗa wa asibitocin Ingila ta kwamfutocin da ba a sabunta ba, aka soke ganin likita kusan sau 19,000.

Hanyar da ake bi yanzu ita ce a raba auren. Na'ura ta tsaya kan aikinta na ɗaukar hoto, ta fitar da shi a tsarin DICOM, wato tsarin bai-ɗaya na adana hotunan asibiti da aika su, wanda kusan kowace manhajar hoton asibiti ke ganewa. Karanta hoton da adana shi kuwa su koma wata kwamfuta daban, wadda za ka iya sauyawa ba tare da ka taɓa na'urar ba. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen duba hoton ƙirji don zaƙulo masu alamun tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. Cikin irin waɗannan manhajoji akwai CAD4TB ta Holan, akwai qXR ta Indiya. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ɗora irin wannan manhaja a ɗan akwatin kwamfuta da bai fi littafi girma ba, a ajiye shi gefen na'ura. Hoto ya shiga, sakamako ya fito nan take, ba sai an tura shi wani rumbun ajiyar bayanai a Turai ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama yana neman sabis a ƙauye ya san amfanin wannan. Hoton majinyaci ma bai bar ɗakin ba.

Amma akwai wurin da ban yarda a sakar wa manhaja ragama ba. Na'urar Therac-25 ta Kanada, wadda ake ƙona ciwon daji da ita, an ƙera ta ba tare da makullan kariya na ƙarfe da ke jikin yayarta Therac-20 ba, aka ce manhaja ta isa. Tsakanin 1985 da 1987, aƙalla sau 6 ta antaya wa majinyata hasken radiyeshon da ya wuce kima, wasunsu suka rasu. Saboda haka sashen da ke sarrafa ƙarfin hasken na'urarku, kar ka bari mai gyaran kwamfuta na bakin titi ya kusance shi, komai iyawarsa.

Ka samo injiniyan kayan asibiti ya duba maka ko na'urar tana fitar da DICOM. Wasu kamfanonin sukan kulle wannan ƙofa sai an biya kuɗin lasisi, to ka tambayi dillalin nawa ne kuɗin, a rubuce.